Dajin fata da ya yi nisa: inda sabon magani ke ci da inda yake gazawa

A watan Agustan 2015 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya tara 'yan jarida a Atlanta, ya shaida musu cewa an yanke masa wani sashe na hanta, an kuma ga ɗigo huɗu na ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa. Shekarunsa 90 a lokacin. Mu nan mun san shi ta dalilin yaƙin da cibiyarsa ta yi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon. Cutar da ta kama shi ita ce melanoma, mafi muni cikin dajin fata, kuma da a ce shekara biyar kafin nan ta same shi, da likitoci sun ce ya shirya, saura watanni. Sai aka gasa ɗigon nan huɗu da na'ura, aka riƙa ɗaura masa wani sabon magani mai suna pembrolizumab duk bayan mako uku. A watan Disamba ya sanar cewa hoton ƙwaƙwalwarsa bai nuna komai ba. Bai rasu ba sai ƙarshen 2024, yana da shekara 100.

Irin wannan labari ne ke sa dangin mara lafiya su shiga ɗakin likita da sunan magani a waya, suna cewa ga shi nan, ko nawa ne za a nemo. Ban ga laifinsu ba, domin maganin gaskiya ne, ba na 'yan tallar bakin tasha ba. Sai dai dajin fata ba cuta ɗaya ba ce, kuma sabon maganin bai yi musu adalci daidai wa daida ba. Wanda zai sayar da gona ko fili ya kamata ya san wace ce a cikinsu ta kama ɗan'uwansa.

A asibitocinmu, huɗu aka fi gani. Akwai wanda likitoci ke kira sikwamas, mai fitowa daga ƙwayoyin saman fata. Shi ne ke cin zabiya a kunne, wuya, leɓe da goshi, shi ne kuma ke tsirowa a cikin tsohon gyambo ko tabon ƙuna bayan shekaru masu yawa. Akwai melanoma, mai fitowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. A jikin Bature takan fito inda rana ta ƙona, a jikin baƙar fata kuwa ta fi son tafin ƙafa, dunduniya da ƙarƙashin farce. Akwai Kaposi, mai baƙaƙen ƙuraje da kumburin ƙafa, wanda ya yawaita tare da cutar ƙanjamau. Sai besal, mai cin wurin da yake a hankali, da wuya ya yi tafiya. Idan aka ce ɗayansu ya yi nisa, ana nufin ɗayan biyu: ko ya ci wurin da yake har wuƙa ba za ta iya kewaye shi ba, ko ya bi ta kaluluwa da jini ya sauka a huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Ido ba ya rarrabe su da tabbas. Sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji an duba. Maganar nan da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son allura ko ƙarfe, ta jawo asarar rayuka masu yawa, domin ita ce ke hana a yi wannan ɗan yankan da wuri.

Kafin 2011, wanda melanoma ta watsu a jikinsa ba shi da wani abin kirki. Maganin kemo da ake da shi, dacarbazine, tun 1975 ake ba da shi, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma ne ciwonsa ke ɗan raguwa, na ɗan lokaci. Rabin marasa lafiya ba sa wuce wata shida zuwa tara. Wanda ya kai shekara biyar bai kai ɗaya cikin goma ba.

Abin da ya sauya lissafin ya fito ne daga masu nazarin garkuwar jiki. A cikin jini akwai ƙwayoyin da ake kira T, aikinsu su gane baƙo su kashe shi. Da za a sake su haka nan, da sun far wa jikin mai su, don haka Allah Ya halicce su da dabaibayi. Tasuku Honjo na jami'ar Kyoto a Japan ya gano ɗaya daga cikin waɗannan dabaibayi a 1992, aka sa masa suna PD-1. James Allison a Amurka ya nuna a 1996 cewa idan aka kwance wani dabam, CTLA-4, ɓeraye na iya kashe dajin da ke jikinsu da kansu. Wayon ciwon daji shi ne yakan koyi ƙara ɗaure wannan dabaibayi: ƙwayar T ta iso har bakin ƙari, ta gane shi, amma ta kasa motsi. Sabon maganin bai taɓa dajin ko kaɗan, igiyar kawai yake kwancewa. A 2011 Amurka ta amince da ipilimumab, mai kwance CTLA-4, a 2014 da pembrolizumab da nivolumab, masu kwance PD-1, waɗanda ake sayarwa da sunan Keytruda da Opdivo. A 2018 Allison da Honjo suka karɓi kyautar Nobel.

Gwajin da ya fi nuna ƙarfin abin shi ne CheckMate 067, wanda ya bi mutum 945 masu melanoma da ta yi nisa, aka fitar da sakamakon shekara goma a 2024. Cikin waɗanda aka ba ipilimumab kaɗai, kashi 19 cikin 100 na raye. Masu nivolumab kaɗai, kashi 37. Waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 43. A cutar da a da take kashe rabin mutane kafin shekara ta zagayo, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa cikin masu ran sun daina shan magani tun da daɗewa. Garkuwar jiki tana da tunani. Idan ta gane abokin gaba, takan ci gaba da tsaronsa ko bayan an daina ɗaura maganin. Amma a juya lissafin a gani: ko da mafi ƙarfin haɗin, fiye da rabi sun rasu. Kuma kusan duk waɗanda aka yi gwajin a kansu farar fata ne.

Wannan batu na ƙarshe ba ƙorafin siyasa ba ne, magana ce ta yadda maganin ke aiki. Kwance dabaibayi ba ya amfani sai ƙwayar T ta riga ta gane dajin a matsayin baƙo. Abin da ke sa ta gane shi kuwa shi ne yawan kurakuran da ke cikin ƙwayoyin halittarsa. Hasken rana yana lalata waɗannan ƙwayoyin halitta a dubban wurare, don haka dajin da rana ta haifar yakan fita daban da sauran jiki, ba ya ɓoyuwa. Melanomar tafin ƙafa ba rana ce ta haife ta ba. Kurakuranta kaɗan ne, ta fi kama da jikin mai ita, garkuwa na wucewa ta gefenta. Binciken da aka yi a Japan da Sin, inda irin wannan ta fi yawa, ya nuna cewa waɗanda ciwonsu ke raguwa da maganin PD-1 kaɗai ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, alhali a melanomar rana ana samun wajen kashi 40. To ita wannan ta tafin ƙafa ita ce tamu.

Yadda take zuwa ma yaudara ce. Manomi ko mai tallan da ke yini a tsaye zai ga baƙin tabo a dunduniya, ya ce ƙaya ce ta karye, ko faso ne ya yi zurfi. Ba zafi. Bayan watanni tabon ya faɗaɗa, gefensa ba daidai ba, wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ruwan ƙasa, sai ya fashe ya fara tsattsafo da jini a cikin takalmi. A kai wa wanzami ya tsaga, a ɗaura garin magani, a yi sakiya. Ranar da aka je asibiti, kaluluwar matsematsi ta riga ta yi tauri ba ta motsi. Mawaƙin Jamaika Bob Marley haka ta same shi a 1977, a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa, aka ɗauka raunin ƙwallo ne. An ba shi shawarar yanke yatsan bai yarda ba, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. A irin wannan melanoma, har gobe babu abin da ya kai wuƙar likita da wuri: a yanke tabon da santimita ɗaya zuwa biyu na lafiyayyar fata kewaye da shi, ko a cire gaɓar yatsa idan ta kama. Idan ta riga ta watsu, sabon maganin ya cancanci a gwada ga mai hali, kuma likitoci da dama sun fi karkata ga haɗin ipilimumab da nivolumab a nan. Amma haƙƙi ne a gaya wa dangi gaskiyar lissafi kafin su fara, kada a nuna musu hoton Carter.

Akwai wata hanya ta dabam, ta ƙwayoyin haɗiya. A 2002 aka gano cewa kusan rabin melanomar Turawa na ɗauke da kuskure a wata ƙwayar halitta mai suna BRAF, wadda ke umartar ƙari ya yi ta girma. Magunguna irin su dabrafenib tare da trametinib suna toshe wannan umarni, kuma suna da saurin aiki ƙwarai: mutum biyu cikin uku ciwonsu na raguwa, wani cikin makonni kaɗan. Matsalar ita ce dajin yakan sami wata hanya, galibi cikin shekara guda. Da aka gwada wanne ya kamata a fara da shi, a gwajin DREAMseq, waɗanda aka fara wa da maganin garkuwa kashi 72 na raye bayan shekara biyu, waɗanda aka fara wa da ƙwayoyin kashi 52. Don haka yanzu akan ajiye ƙwayoyin sai ga wanda ciwo ke neman kayar da shi cikin gaggawa, ko wanda na garkuwa ya ƙi. A melanomar tafin ƙafa kuwa, wajen ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wannan kuskure, kuma ba a shan maganin sai an gwada tsoka an tabbatar. Yakan kawo zazzaɓi mai zafi, wanda a wurinmu kowa zai ce na cizon sauro ne.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Idan dajin da rana ta haifar shi ne ya fi jin maganin, to a duk ƙasar Hausa babu wanda ya dace da shi kamar zabiya. Fatarsa ba ta da launin da ke tare rana, ga shi yana noma, yana kiwo, yana talla ko tuƙa babur a ranar Sakkwato ko Damagaram. Tun yana yaro wuyansa da bayan hannunsa ke yin kaushi da jajayen ɓawo. Dajin da Bature ke samu yana da shekara saba'in, zabiya na samunsa yana da ashirin da wani abu ko talatin, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha nuna cewa a kai da wuya ya fi fitowa, sikwamas ne ya fi yawa, kuma a makare ake zuwa. Wanda ya taɓa ganin saurayi da ƙyalle ɗaure a gefen fuska, kunne ya tafi, yana kauce wa zama kusa da mutane saboda wari, ya san abin da nake faɗi.

Sikwamas na rana yana cikin dajin da ya fi kowanne yawan kurakuran halitta. A 2018 aka amince da cemiplimab, wato Libtayo, domin wanda wuƙa da gashin na'ura suka gaza masa, kuma kusan rabin marasa lafiya ciwonsu ya ragu sosai, da yawansu na tsawon shekaru. A wani gwaji da aka buga a 2022, an ba mutum 79 maganin har sau huɗu kafin tiyata. Da aka yanke wurin aka duba, a 40 daga cikinsu ba a sami ƙwayar daji mai rai ko ɗaya ba. Ga ciwon da ke fuska, wannan na nufin ido ko kunne ko leɓen da da za a cire ya tsira. Waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan tsofaffin Turawan Amurka, Ostireliya da Turai, ba a kan zabiyan Afirka ba. Amma rana ɗaya ce ta yi ɓarnar, kuma hankali na nuna cewa nan ne ya fi cancanta a gwada. Sikwamas na tsohon gyambo dabam ne: ba rana ce ta kawo shi ba, ya fi zafin yaɗuwa, kuma a nan yankewa, wani lokaci har da ƙafar, shi ne abin dogaro.

Wannan dabara ta ba da maganin kafin yanka ta shiga melanoma ma. Hikimar ita ce a zaburar da garkuwa tun ƙarin yana nan, ta gan shi da kyau, sannan a cire. A gwajin SWOG S1801, adadin allurai ɗaya ne, bambancin kawai an ba wasu uku kafin tiyata. Bayan shekara biyu kashi 72 cikinsu ciwon bai dawo ba, a ɗaya rukunin kashi 49. Gwajin NADINA na 2024 ya ƙara nisa: allura biyu kafin yanka, kuma wanda ƙarinsa ya mutu ba a ƙara masa komai ba. Ga ƙasashe irin namu wannan ya fi komai muhimmanci, domin kuɗin allura biyu ko huɗu da na talatin da biyar na shekara biyu ba ɗaya ba ne.

Ɗaurin ruwan kansa ba wuya: minti talatin a kujera, gashin kai ba ya zubewa, amai ba kamar na kemo ba. Wannan ne ke sa a raina haɗarinsa. Dabbar da aka kwance wa dabaibayi ba ta tambayar gonar wa ta shiga. Garkuwar na iya far wa hanji, mutum ya yi ta gudawa har da jini. Ko hanta, ko huhu, ko halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Wani ya wayi gari da ciwon sukari na dindindin, wani, ko da yake ba kasafai ba, ta taɓa masa zuciya. A haɗin magani biyu, fiye da rabin marasa lafiya sun gamu da matsala mai tsanani. A nivolumab kaɗai, wajen ɗaya cikin huɗu. Kuma abin na iya tasowa watanni bayan an daina. Maganinsa sananne ne kuma mai araha, prednisolone da danginsa, in dai an gane da wuri. A nan ne tsoro yake: mara lafiya ya koma ƙauye, gudawa ta kama shi, mai kemis ya ba shi maganin taifot, kwana biyar hanji ya huje. Duk wanda ke kan wannan magani ya riƙe takarda a aljihu mai sunan maganin da lambar likitansa, kuma gudawa, tari ko kasala da ba a saba ba, a kira a ranar. Kafin a fara, a gwada ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, domin suna da yawa a cikinmu, kuma maganin da za a kwantar da garkuwa da shi na iya tayar da su. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, jikinsa na iya ƙin ƙodar gaba ɗaya.

Bayan waɗannan an sami ƙarin wasu: haɗin nivolumab da relatlimab a 2022, mai sauƙin illa, da lifileucel a 2024, inda ake ɗebo ƙwayoyin T daga cikin ƙarin, a hayayyafa su biliyoyi a mayar wa mai su, a kan dala dubu 515. Besal da ya gagari wuƙa yana da nasa ƙwayoyin haɗiya, vismodegib, tun 2012. Kaposi shi ne mai sauƙin labari: tushen maganinsa shi ne maganin ƙanjamau, wanda ake bayarwa kyauta, idan ya yi nisa a ƙara da kemo, kuma gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka da Brazil ya nuna paclitaxel ya fi sauran.

Sai kuɗi. A Amurka allurar Keytruda ɗaya ta haura dala dubu goma, ana yi duk mako uku har shekara biyu, kuma a 2024 kaɗai kamfanin da ke yinsa ya sayar da na kusan dala biliyan 30. Ko da rangwame, a Najeriya zuwa ɗaya miliyoyin naira ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba tun 2019, saboda melanoma, amma shiga jeri bai sa su a kantin asibiti ba. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, da ya fara aiki a asibitoci shida ciki har da Zariya da Gwambe, ya soma ne da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Inda tsada ta yi yawa kuma jabu ke shigowa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sha yin gargaɗi kan jabun magungunan daji masu tsada. Wannan magani ne da dole ya zauna cikin sanyi tun daga masana'anta, don haka kwalbar da wani ya zo da ita cikin jaka daga waje ba abin yarda ba ce. Abin da na fi jin tsoro shi ne a tattara dukiyar gida a yi allura biyu ba tare da tsari ba, kuɗi ya ƙare, a rasa ko na hoton da zai nuna ta yi aiki ko ba ta yi ba. Kafin a fara, a tambayi likita sunan ciwon, mutum nawa cikin goma irinsa ke amfana, allura nawa za a yi kafin a duba, da abin da za a yi in ba a ga canji ba.

Wanda bai iya kaiwa ga wannan ba, ba a ce an gama da shi ba. Gashi da na'ura, wanda ake yi a Zariya, Sakkwato da Abuja, da kuma Yamai tun 2021, yana tsayar da jini, yana rage ƙari da zafi, kuma sikwamas na jin sa. Kemo irin su cisplatin na rage shi na ɗan lokaci. Garin metronidazole a kan gyambo yana kashe warin da ke raba mara lafiya da iyalinsa. Mofin na sha yana da araha, kuma bai kamata a bar mutum yana kwana yana nishi ba don tsoron wai zai saba da shi.

Hanyar rage tsadar ma akwai. A asibitin Tata da ke Mumbai, likitocin Indiya sun gwada nivolumab miligiram 20 kacal duk mako uku, maimakon 240 da aka saba duk mako biyu, suka haɗa da ƙwayoyi masu araha ga masu dajin baki da maƙogwaro. Waɗanda suka kai shekara guda sun tashi daga kashi 16 zuwa 43. Ba dajin fata ba ne, kuma ba a kwatanta shi da cikakken awo ba, don haka ba hujja ba ce ta kowa ya rage da kansa. Amma ya nuna cewa kwalba ɗaya na iya isar mutane da yawa. Kariyar mallakar Keytruda, wadda ke hana wani kamfani yin irinsa, za ta fara ƙarewa a 2028, wasu kamfanoni na shirin yin irinsa. A ganina, idan gwamnati ko masu hannu da shuni za su sayi ko kaɗan ne na wannan magani don dajin fata, zabiya ya kamata a fara da su, allura kaɗan kafin tiyata, a asibitin koyarwa ɗaya ko biyu da za su rubuta sakamakon kowane mutum. A haɗa da malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariyar rana, da duba fata duk wata shida, inda ake ƙone ɗan kaushin kunne cikin minti kaɗan tun bai zama komai ba.